Igwar Iska Ta Haɗin Gida: Yadda Take Aiki, Haɗarinta, Da Gwajin Da Ya Fi Dacewa Da Matasa

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok ba zai rasa cin karo da irin bidiyon nan ba: wani saurayi ya haɗa bututun roba guda biyu, ya buga musu iska da famfo, ya cusa dankalin turawa a baki, ya murɗa bawul, sai a ji "fuf", dankali ya ɓace a sama. Wannan ita ce igwar iska, kuma a Amurka da Turai akwai mutanen da suka mai da haɗa ta abin sha'awarsu na ƙarshen mako.

Abin da ya sa batun ya shafi matashin da ke Wudil shi ne, duk kayan da ake gani a bidiyon suna nan a gari. Bututu yana shagon masu kayan famfo, iska tana wurin mai faci a bakin titin Kano zuwa Maiduguri, bidiyon koyarwa kuma yana cikin aljihu. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne lissafin ƙarfin da ke cikin bututun, da abin da zafin rana irin na Kano yake yi wa roba, da abin da dokar Najeriya ta ce. Darasin yau zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kawo gwajin da yake koyar da ilimi iri ɗaya ba tare da an sa ido ko 'yanci cikin haɗari ba.

Mece ce igwar iska?

Igwar iska na'ura ce da take harba abu da ƙarfin iskar da aka matse, babu albarushi, babu wuta. Sassanta uku ne: ma'ajiyar da ake tara iska, bawul da yake riƙe iskar har sai an sake ta, da bututun da abin harbin yake bi ya fita. Da zarar an buɗe bawul, iskar da ke matse sai ta nemi hanyar faɗaɗa, ta tura duk abin da ke gabanta.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Yaron da ya taɓa cusa jiƙaƙƙiyar takarda a bakin bututun biro, ya tura wata daga baya da tsinke har ta gaba ta yi tsalle da ƙara, ya riga ya haɗa ƙaramar igwar iska. Zugazugin maƙeri ma matse iska yake yi ya tura ta cikin wuta. Bambancin kawai shi ne yawan iskar da kuma tsananin matsin da aka yi mata.

Matsin iska da yadda ake auna shi

Iskar da ke kewaye da duniya tana da nauyi. A bakin teku, kamar Legas, tana danna kowane santimita ɗaya murabba'i da nauyin da ya kai kimanin kilo 1. Mutum ba ya jin wannan nauyi saboda cikin jikinsa ma akwai matsi daidai da na waje. Wani Bajamushe mai suna Otto von Guericke ya nuna girman wannan ƙarfi a shekarun 1650: ya kifa ƙoƙunan tagulla biyu baki da baki, ya zuƙe iskar ciki, aka ɗaura dawaki ta kowane ɓangare suka ja, amma ƙoƙunan suka ƙi rabuwa. Iskar waje ce kaɗai ta riƙe su.

Ma'aunai biyu ne aka fi gani a jikin gejin mai faci: psi da bar. Bar 1 ya yi daidai da psi 14.5, kuma kusan shi ne matsin iskar duniya a bakin teku. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar psi 30 zuwa 35, wato bar 2 da ɗan wani abu. Tayar tirela tana kai psi 100 ko sama da haka, wato kusan bar 7.

Akwai abu ɗaya da yake rikita masu koyo. Geji ba ya ƙirga iskar duniya, yana fara ƙirgensa ne daga samanta. Idan geji ya nuna bar 6, ainihin matsin da ke ciki bar 7 ne. Duk lissafin da za a yi da dokokin iska, da wannan adadi na biyu ake yin sa.

Dokar Boyle

A shekarar 1662 Robert Boyle ya wallafa ƙa'idar da ake koyarwa a ajin fiziks na sakandare har yau: idan zafi bai canza ba, duk lokacin da aka rage wa iska wuri da rabi, matsinta zai ninka biyu.

Ana iya gwada wannan da sirinji sabo wanda ba allura. A ja shi zuwa mililita 10, a toshe bakin da yatsa, a danna. A mililita 5 matsin ya ninka biyu. A mililita 2.5 ya ninka huɗu, kuma a nan yatsa zai fara jin jiki. Da an saki hannu, sirinjin zai dawo da kansa, domin iskar da aka matse tana aiki ne kamar sifirin: tana ajiye duk ƙarfin da aka sa mata, tana jiran hanyar mayar da shi.

Ke nan gora mai lita 2 da geji ya nuna bar 6 a cikinta tana ɗauke da iskar da a sake za ta cika lita 14. Lita 14 ɗin nan duk suna neman fita a lokaci guda.

Zafi ma yana ƙara matsi. Idan iskar da ke rufe ta tashi daga digiri 25 zuwa digiri 50, ainihin matsinta zai ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100. Shi ya sa direbobin da suka san aiki suke duba iskar taya da safe kafin kwalta ta ɗau zafi.

Lissafin da bidiyo ba ya nunawa

Ƙarfin da iska take danna abu da shi ana samun sa ne ta hanyar ninka matsi da faɗin wurin. A ɗauki bututu mai faɗin baki santimita 10, irin wanda ake kira inci 4. Faɗin murfinsa ya kai santimita murabba'i 78.5. Idan aka buga masa bar 7, kowane santimita murabba'i yana ɗauke da kimanin kilo 7, jimilla sama da kilo 550. Wannan nauyin buhun siminti 11 ke nan a kan murfin roba guda ɗaya wanda gam kaɗai ya riƙe shi.

Sai batun ƙarfin da ke ajiye. Iskar lita 2 a bar 6, idan ta kuɓuce lokaci guda, tana iya sakin ƙarfin da ya kai kusan jul 900. Kwatankwacinsa shi ne a sako buhun siminti mai kilo 50 daga tsayin mita 1.8, wato daga saman kan dogon mutum. Ruwa lita 2 a wannan matsi ɗin bai ajiye ko jul 1 ba, saboda ruwa ba ya matsuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wannan bambanci shi ne zuciyar darasin. Bututun ruwa idan ya gaji, tsagewa yake yi ya fesa ruwa, matsin ya faɗi nan take. Bututun iska idan ya gaji, tarwatsewa yake yi, iskar ta ci gaba da tura gutsattsarin har sai ta gama faɗaɗa. Dalilin ke nan da ya sa masana'antu suke gwada ƙarfin tukwanen gas da tankuna da ruwa maimakon iska: idan tukunya za ta fashe, gara ta fashe da abin da ba ya ajiye ƙarfi.

Me ya sa bututun PVC bai dace da iska ba?

Kusan duk igwar da ake gani a intanet da bututun PVC ake yin ta, saboda araha da sauƙin yanka. Matsaloli huɗu ne a nan.

Na farko, PVC roba ce mai gautsi. Ba ta lanƙwasa ta ba da alama kamar ƙarfe, fashewa take yi kamar tangaran, gutsattsarinta kuma masu kaifi ne. Tun a 1988 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta fitar da gargaɗi a kan amfani da bututun PVC wajen tura iskar da aka matse a saman ƙasa.

Na biyu, lambar matsin da ake bugawa a jikin bututu ta ruwa ce, kuma an auna ta ne a zafin digiri 23. Teburin masu ƙera bututun ya nuna cewa a digiri 43 ƙarfin ya ragu zuwa kusan rabi, a digiri 60 kuma abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A Wudil, watan Afrilu da Mayu zafin inuwa yakan kai digiri 40, balle bututun da aka ajiye a rana. Wanda ya ɗauki bidiyo a ƙasa mai sanyi da wanda ya kwaikwaye shi a bazarar Kano ba bututu iri ɗaya suke riƙe da shi ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su.

Na uku, hasken rana yana cin PVC a hankali. Bututun da ya yi watanni jingine a ƙofar shago ya riga ya ƙara gautsi kafin a saye shi.

Na huɗu, da yawa daga cikin manyan bututun da ke kasuwa na magudanar banɗaki ne, masu siririn jiki, waɗanda ba a yi su don ɗaukar wani matsi ba ko na ruwa. A ido kuwa kusan kamarsu ɗaya da na matsi.

Inda igwar iska take aiki na gaske

Fasahar tana da dogon tarihi, kuma tarihin yana nuna cewa ba abin wasa ba ce. Wajen shekarar 1779 Bartolomeo Girardoni ya ƙera bindigar iska wadda sojojin Ostiriya suka yi amfani da ita a yaƙi. Ma'ajiyarta tana ɗaukar kusan psi 800, kuma sai an buga famfon hannu kimanin sau 1,500 kafin ta cika. A 1898 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vesuvius ya yi amfani da manyan igwogin iska wajen jefa nakiya a gaɓar Kyuba.

Amfanin zaman lafiya ya fi yawa. Tun 1942 injiniyoyi a Amurka suke harba mushen kaza da igwar iska a kan gilashin jirgin sama don su ga ko zai jure karo da tsuntsu. Muhimmancin gwajin ya bayyana ga kowa a ranar 15 ga Janairu, 2009, lokacin da jirgin US Airways ya yi karo da garken dinya bayan tashinsa daga Niyok, injinansa biyu suka mutu, matuƙin ya saukar da shi a kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duk suka tsira. Kamfanonin siminti suna girka igwogin iska a jikin rumbunansu don kakkaɓe kayan da suka manne. Birkin tirela da na jirgin ƙasa ma da iska yake aiki, fasahar da George Westinghouse ya yi wa rajista a 1869. Ƙarar "tsss" da ake ji idan tirela ta tsaya a gadar Wudil iskar birki ce take fita.

A duk waɗannan wurare tankunan na ƙarfe ne, an gwada su, akwai bawul ɗin da yake sakin iska da kansa idan matsi ya wuce kima, akwai kuma injiniyan da ya sa hannu.

Ko masu sha'awar da suka ƙware ba su tsira ba. A jihar Delaware ta Amurka an fara gasar harba kabewa a 1986, kuma a 2010 wata igwar iska ta kafa tarihi a jihar Utah da jefa kabewa nisan mita 1,690. Amma a gasar 2016 wani ƙarfe ya ɓalle daga jikin ɗaya daga cikin igwogin lokacin harbi, ya sami wata ma'aikaciyar talabijin a kai, ya ji mata mummunan rauni. Ba a yi gasar shekarar da ta biyo baya ba.

Haɗura biyu da suka fi kusa da gida

Akwai wata igwar da take kama da ta iska a bidiyo amma wuta ce take tura ta. Ana zuba kabaid, irin wanda masu walda suke amfani da shi, a ɗiga ruwa, gas ya taru, a kunna. Ba wanda yake iya auna matsin da fashewar za ta haifar, kuma idan ta ƙi tashi yara sukan leƙa bakin bututun su ga dalili. A watan Oktoba na 2025, lokacin bikin Diwali a jihar Madhya Pradesh ta Indiya, an kwantar da yara sama da 100 a asibiti saboda irin wannan bindiga ta bututun roba, wasunsu sun rasa ganinsu. Rahotanni sun nuna cewa bidiyon kafafen sada zumunta ne suka yaɗa yayin.

Na biyu shi ne wasa da tiyon kwamfuresa. Iskar da take cika tayar tirela tana iya fasa dodon kunne, ta lalata ido, ta shiga jini ta wurin rauni. Idan aka kai bakin tiyo kusa da duburar mutum da sunan wasa, ko ta saman wando ne, tana iya fasa hanji, kuma an yi asarar rayuka ta haka a ƙasashe daban-daban. Dokar wuraren aiki ta Amurka ta hana amfani da iskar da ta kai psi 30 wajen kakkaɓe ƙura. Yaran da ke koyon faci suna bukatar jin wannan tun ranar farko.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda take babi na F28 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta kasa makamai gida uku. Bindigogin iska suna cikin kashi na biyu, wato waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallakarsu. Bindigar toka irin ta maharba tana kashi na uku, ita ma da lasisin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana ba wa wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, ta kuma hana ƙera bindiga ba tare da izinin gwamnati ba.

Bayan rubutacciyar doka akwai halin da ake ciki. A yanayin tsaron Arewa na yanzu, saurayin da aka gani da dogon bututu mai ma'ajiya da kunama ba zai sami lokacin yin bayanin dokar Boyle ba. Wudil gari ne da yake ɗauke da Kwalejin 'Yan Sanda ta Najeriya, yana kuma kan babbar hanyar da jami'an tsaro ba sa rabuwa da ita. Bidiyon da aka ɗora don neman mabiya shi ne zai zama shaida a kan mai shi. Rigakafi ya fi magani.

Gwajin da ya fi dacewa: rokar ruwa

Duk ilimin da ke cikin igwar iska yana cikin rokar ruwa: matsi, faɗaɗar iska, gudu da tsayi. Bambancin shi ne ba a harba komai zuwa ga kowa, matsin kaɗan ne, kuma makarantu a faɗin duniya suna koyar da ita a fili.

Kayan aiki: gorar lemo mai gas ta lita 1.5 ko 2 wadda ba ta da ƙarzuwa ko lotsawa, toshiyar roba da za ta shige bakin gorar da ƙyar, allurar buga wa ƙwallo iska ko bawul ɗin tsohon tif daga wurin mai faci, famfon keke mai geji da dogon tiyo, kwali, salatif, da tabaran kariya. Gorar lemo mai gas an yi ta ne don ta jure matsi. Gorar ruwan sha siririya ce, ba ta dace ba. Kwalba kuwa ko kusa.

Mataki na 1: A huda toshiyar a tsakiya, a zura allurar ko bawul ɗin har ya leƙa ta ɗaya gefen, a tabbatar iska ba ta zurara ta gefe.

Mataki na 2: A yanka fukafukai uku ko huɗu na kwali, girmansu ɗaya, a manna su da salatif kusa da wuyan gorar. Roka a kife take tashi, bakin gora yana ƙasa. A ɗora ɗan ƙoƙon kwali a gindin gorar ya zama hanci. Kada a sa ƙarfe, dutse ko wani abu mai tsini.

Mataki na 3: A zuba ruwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na gorar, a toshe.

Mataki na 4: A kifa gorar a kan mazauni, kamar tubala uku ko bokiti mai huda, hancinta yana kallon sama sak. A ja tiyo, mai bugawa ya koma gefe iya tsawon tiyon, 'yan kallo kuma su ja baya aƙalla mita 10.

Mataki na 5: A buga iska a hankali ana kallon geji. Toshiyar za ta fita da kanta idan matsin ya fi ƙarfin riƙonta. Idan geji ya kai psi 40 ba ta fita ba, a tsaya, a saki iskar ta wurin famfo, a sassauta toshiyar. Kada kowa ya sunkuya a kan gorar da ke da iska.

Famfon hannu kaɗai za a yi amfani da shi. Kwamfuresar mai faci tana wuce ƙarfin gora cikin daƙiƙu kaɗan. A zaɓi fili mai faɗi kamar filin ƙwallo, nesa da wayoyin lantarki, titi da dabbobi, tare da izinin masu wurin. Gorar da ta faɗo da ƙarfi ta lotse, a sauya ta.

Me ya sa ake zuba ruwa? Dokar Newton ta uku, wadda aka wallafa a 1687, ta ce duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai ta ɗaya ɓangaren. Iska tana tura ruwa ƙasa, ruwa yana tura gora sama. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka turin da yake bayarwa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Idan ruwan ya yi kaɗan, abin turawa zai ƙare da wuri. Idan ya yi yawa, gorar ta yi nauyi kuma wurin iska ya ragu. Neman tsakiyar nan shi ne ainihin gwajin.

Yadda waya za ta zama abin awo

A nan ne wayar da ta kawo bidiyon za ta yi aiki mai amfani. A jingina ta a wuri ɗaya, a ɗauki tashin rokar daga farko har faɗowarta. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a kowace daƙiƙa, masu tsarin tafiyar hawainiya kuma 120 ko 240. A buɗe bidiyon a manhajar gyara kamar CapCut, a duba lokacin da rokar ta bar ƙasa da lokacin da ta dawo.

Lissafin tsayi shi ne: a ninka daƙiƙun da kansu, a ninka da 9.8, a raba da 8. Idan rokar ta yi daƙiƙa 4 a sama, 4 sau 4 ya ba da 16, sau 9.8 ya ba da 156.8, a raba da 8 a sami mita 19.6. A Google Sheets, idan lokacin yana ɗakin A2, sai a rubuta =9.8*A2^2/8 a ja shi ƙasa. Wannan lissafi bai sa jan iska a ciki ba, kuma gorar da ba ruwa a hankali take faɗowa, don haka amsar takan ɗara ainihin tsayin.

Hanya ta biyu ta fi kusa da gaskiya. Mutum ya tsaya mita 30 daga wurin tashi, ya auna kusurwar da rokar ta kai da manhajar auna karkata. Idan kusurwar digiri 45 ce, tsayin mita 30 ne. Idan 30 ce, kimanin mita 17. Idan 60 ce, kusan mita 52. Sai a ƙara tsayin idon mai awon daga ƙasa. Manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta samar kyauta, tana da ma'aunin karkata, tana kuma nuna matsin iskar wuri a wayoyin da ke da na'urar jin matsi. Wanda ya gwada a Kano zai ga adadin ya gaza 1013 da ake samu a bakin teku, domin birnin yana tudun da ya haura mita 400, kuma matsi yana raguwa da kusan 12 a kowane mita 100.

Ƙa'idar gwaji ita ce a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda. A gwada ruwa kashi ɗaya cikin huɗu, ɗaya cikin uku, da rabi, kowanne sau uku, da gora ɗaya da toshiya ɗaya. A rubuta matsin da geji ya nuna lokacin tashi, a ɗauki matsakaicin sakamako. Wanda ya yi haka ya tashi daga mai kwaikwayon bidiyo ya koma mai bincike.

Ina wannan hanya take kaiwa?

Rokar ruwa ba ta tsaya a wasan yara ba. A watan Agusta na 2015 wata tawaga daga Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ta kafa tarihin duniya da rokar ruwa da ta kai tsayin mita 830, bayan shekaru suna gwaji. Lonnie Johnson, baƙar fatan Amurka injiniya da ya yi aiki da NASA, shi ya ƙirƙiro bindigar ruwa ta Super Soaker wadda ta shiga kasuwa a farkon shekarun 1990, kuma iskar famfon hannu ce sirrinta. Najeriya ma tana da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, ta kuma harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003.

Matashin Wudil yana da abin da da yawa ba su da shi: jami'ar kimiyya da fasaha a cikin garinsu, wadda ta fara aiki a 2001, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022, kuma tana koyar da injiniyanci. Teburin sakamakon rokar ruwa abu ne da ɗalibi zai iya kai wa malamin fiziks ko ya gabatar a ƙungiyar kimiyya ta makaranta, a tattauna a gyara. Wanda kuma sha'awarsa ta fi karkata ga sana'a, gyaran kwamfuresa da birkin iska na manyan motoci aiki ne da ba ya yankewa a hanyar da tireloli suke bi dare da rana.

Daga ƙarshe

Abubuwan riƙewa su ne: iskar da aka matse tana ajiye ƙarfi fiye da ruwa sau dubbai, bututun PVC ba na iska ba ne, zafin Kano kuma yana rage masa ƙarfi, kabaid da tiyon kwamfuresa ba kayan wasa ba ne, dokar Najeriya ta sa bindigar iska cikin makaman da sai da lasisi. Mai son fahimtar yadda iska take tura abu, gorar lemo, famfon keke da wayar hannunsa sun ishe shi farawa. Idan akwai ƙane ko aboki da aka ga yana tara bututu da gam bayan kallon irin wannan bidiyo, a nuna masa lissafin buhun siminti 11 ɗin nan kafin ya kai ga buga iska.